Umara da Hajiyarmu: an ce bakin Harami, aka kai mu Aziziyya

Kuɗin da kowa ya san ana biya yanzu muka biya, ni da Hajiyarmu, kuma abu ɗaya ya sa na zaɓi wannan kamfani: wakilinsu ya rantse min masaukinmu na Makka yana titin Ibrahim Khalil, da ka leƙo ga hasumiyar agogo a gabanka. Muna isa sai mota ta zarce da mu Aziziyya, can bayan duwatsu. "An samu canji, Alhaji, sai haƙuri." Iyakar bayanin ke nan.

Mai lafiyar ƙafa ba zai gane abin da aka yi mana ba. Hajiya na fama da ciwon gwiwa. Bas ɗin otal a tasha yake sauke mutane, sauran tafiyar ƙasa ce cikin turmutsitsi, in lokacin salla ya gabato kuma an tare hanyoyi. Wata asuba mun sauko tun kafin kiran farko, direba bai zo ba, dole muka yi salla a masallacin unguwa. Ina kallonta tana share hawaye da gefen hijabi, baiwar Allah da ta daɗe tana zuba adashi don ta ga Ka'aba. Daga ranar na koma ɗaukar tasi da kuɗin aljihuna, na kama mata keken da ake tura tsofaffi.

Gaskiya a tafiyar Madina sun kyauta, don jirgin ƙasan Haramain suka sa mu. Tun 2018 yake aiki, kilomita 450 ne, amma cikin awa biyu da rabi mun sauka, hanyar da bas ke cinye wajen awa shida. Allo na nuna gudun ya doshi kilomita 300 a awa, shayin Hajiya ko girgiza bai yi ba. Har na ce a raina na yafe musu.

Ashe da saura. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nema, sun ce sun nema mana, ba su nema ba. Hajiya ta bar Madina ba ta shiga ba.

Jidda da kanmu muka zaga, don jagoran ya yi ɓatan dabo. Mun shiga Balad, tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, bayan magariba muka zauna bakin teku muna kallon ruwan Sarki Fahad, wanda ake fesowa daga cikin teku, yana tashi sama da mita 250, fitilu na haska shi, ga dogayen benaye a bayanmu. Gari ne mai kyau, Hajiya ma ta ɗan saki rai. Amma ni ragowar kuɗin otal ɗin nan ke cina. Sun yi alkawarin mayar min da bambancin in mun dawo. Yanzu ko wayata ba sa ɗauka.