Wane Kare Ne Ya Dace da Zaman Babban Birni?

Mai neman kare a babban birni yakan fara da kallon hotuna, alhali abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne faɗin ɗakinsa, da kaurin bangon da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, da yawan sa'o'in da yake yi ba ya gida. Kafin komai kuma ya karanta yarjejeniyar haya, domin masu gidaje da yawa ba sa yarda da kare, kuma ba a ɓoye dabbar da take haushi.

Kare ɗan Jamus, wanda wasu ke kira Alseshan, an samar da shi ne a 1899 don kiwon tumaki, kuma har yau jikinsa aiki yake nema. A gidan bene gashinsa zai cika kujeru, ga ciwon ƙugu da yake yawan kama shi. Rottweiler namiji yakan kai kilo 50, wanda ba ya iya riƙe igiyarsa a bakin titi mai cunkoso ya haƙura. Husky kuwa karen jan keken ƙanƙara ne daga Saibiriya, zafi yana wahalar da shi, kukansa na dare kuma ya isa ya haɗa ka faɗa da duk mutanen bene. Buldog na Faransa, wanda ake yayi yanzu, gajeren hancinsa ne matsalarsa: numfashi yana yi masa wuya, kuma yawancinsu da tiyata ake haihuwarsu, don haka mai shi ba ya rabuwa da likita.

Ni dai zaɓina ƙaramin Poodle ne, wanda tsayinsa a kafaɗa yake wajen santimita 30 zuwa 35, ba ɗan mitsitsin nan ba. Mutane suna raina shi saboda askin ado da suke gani ana yi masa, amma asalinsa karen farauta ne da yake shiga ruwa ya ɗauko agwagwar da aka harbo, kuma wannan kaifin basira bai bar shi ba. Nawa ya koyi inda zai yi bahaya cikin 'yan makonni, kuma idan ya ji ƙarar makulli a hannuna sai ya tafi bakin ƙofa ya zauna, yana jiran a ɗaura masa igiya. Gashinsa ba ya zuba kamar na sauran karnuka, girma yake yi kamar sumar mutum, saboda haka ɗaki yana zama da tsabta, sai dai dole a riƙa taje shi kusan kullum, a kuma yi masa aski duk bayan mako huɗu zuwa shida, in ba haka ba ya cukurkuɗe har ya ci masa fata. Ana ɗaukarsa a hannu a hau bene, yana shiga mota ba tare da ya cinye wuri ba, yawo sau biyu a rana ya ishe shi, kuma yakan yi shekara 12 zuwa 15 a duniya. Aibinsa ɗaya da ba zan ɓoye ba shi ne ba ya son kaɗaici, wanda yake fita da asuba ya dawo da dare zai tarar da ƙorafin maƙwabta yana jiransa. Irin wannan mutumin gara ya nemi kare ruwa biyu da ya riga ya girma daga gidan kula da dabbobi marasa galihu, wanda an riga an san halinsa.

To amma jinsin kare ba shi ne ya taɓa ƙona ni ba, mai sayarwa ne. Ɗan kwikwiyona na farko na karɓe shi ne a wurin ajiye motoci, daga hannun wani dillali da ya ce gidansu ya yi nisa, ya miƙo mini shi tare da katin rigakafi mai hatimi. A rana ta huɗu ya daina cin abinci, ya fara amai, sai zawo mai jini da wani irin wari da har yau ban manta ba. Likitan dabbobi ya ce cutar Parvo ce, wadda ta bayyana a jikin karnuka a 1978, take kuma yin kwanaki a ɓoye kafin ta nuna kanta. Da ya duba katin sai ya nuna mini cewa babu ɗan tambarin da ake ɓarewa daga jikin kwalbar allura a manna, mai ɗauke da lambar rukunin maganin, kwanakin kuma duk da biro ɗaya aka rubuta su. An yi ta ƙarin ruwa kwana uku, bai tashi ba.

Tun daga nan ba na cinikin biri a sama. Sai na je gidan da aka haifi ɗan kwikwiyon, na ga uwarsa tare da shi, na ga nonuwanta sun nuna alamar shayarwa, domin akan aro karya a ajiye don mai saye ya gani. Kada a karɓi wanda bai cika mako takwas ba, kuma a lura da masu sayar da ɗan mako biyar suna cewa wai jinsin ƙanana ne. A ɗaga leɓensa a ga dasashi ja mai ɗan haske, ba fari fat ba, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu ko akwai kaska, a taɓa ciki, domin kumburarren ciki a jikin ramamme alamar tsutsa ce. Allurar farko ana yin ta ne tsakanin mako shida da takwas, a riƙa maimaitawa har zuwa mako 16, ta haukan kare kuma daga mako 12, saboda haka katin da ya nuna ɗan wata biyu ya gama duka allurai ƙarya ne tsagwaronta. Wannan ta haukan kare ba abin wasa ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara. A kira likitan da sunansa yake kan katin a tambaye shi, idan kuma an ce an dasa wa karen 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a sa a karanta lambobinta 15 a gabanka, a gwada da na takarda. Ba banza ba Ingila ta hana dillalai sayar da 'yan kwikwiyo a 2020, sai dai a saya kai tsaye daga mai kiwo ko a karɓo daga gidan kula da dabbobi.

Masu talla a intanet kuwa salonsu daban ne. Hoton na sata ne, kare babu shi, za a nemi kafin alƙalami, gobe a ce kuɗin keji, jibi a ce na inshora. A buƙaci kiran bidiyo kai tsaye, mai sayarwa ya ɗaga ɗan kwikwiyon kusa da fuskarsa ya ambaci sunanka. Wanda ya fara kawo uzurin lalacewar kyamara, a kashe wayar.