Baje kolin littattafai na Alƙahira, ko ya cancanci kuɗin jirgi daga Sakkwato?

Jama'a masu kirana a waya da masu tsaida ni bakin shago suna tambayar yadda ma'aradin littattafai na Alƙahira, wato baje kolin littattafai, yake, bari in yi bayanin wuri guda kowa shi samu. Gaskiya ya cancanci zuwa, amma fa ba ga kowa ba. In kai mai sayar da littattafan addini ne kuma jarinka ya ɗan yi kauri, ko malami ne mai karantar da manyan littattafai a zaure ko a jami'a, ko kuma kana buga littattafai kana son ganin yadda ake sana'ar a inda ta zauna da gindinta, to ka je. In kuwa Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala su ne cinikinka na yau da kullum, zauna abinka, sarin Kano ya ishe ka, kuɗin tikiti kaɗai sai ya cinye maka ribar shekara.

Abin ya daɗe, tun 1969 anka fara shi, shekarar da birnin Alƙahira ya cika shekara 1000 da kafuwa, kuma hukumar littattafai ta gwamnatin Masar ce ke shirya shi. Ana yin shi ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, kusan sati biyu, in ban da 2021 da korona ta sa anka ɗaga shi zuwa tsakiyar shekara. Dattawanmu da sunka yi karatu a Azhar za su ba ka labarin tsohon filin Madinatu Nasr da tantuna da ƙura, to wancan ya wuce, tun 2019 anka mai da shi sabuwar cibiyar baje koli da ke Tajammu'ul Hamis a sabuwar Alƙahira, gini ne babba mai rufi, da tsabta, da hol-hol masu lamba. Sai dai yana da nisa da tsakiyar gari sosai, in ka sauka kusa da masallacin Azhar kamar yadda mafi yawanmu ke yi to ka shirya ma doguwar tafiya safe da yamma, da bas ko da Uber, kuma go-sulo ɗin garin nan ba wasa ba ne.

Daga nan gida sai ka bi ta Kano ko Abuja ka hau EgyptAir, kuma ka fara neman biza da wuri kada ka bari sai Janairu ta kama. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safa, kada ka ce ai mu mun saba da hunturun Sakkwato, nasu sanyin daban ne, mai danshi ne yana ratsa ƙashi musamman bayan magariba. Kuɗin shiga ba komai ba ne, junaihi 5 na kuɗin Masar na biya. Abin da zai gajiyar da kai mutane ne. Lokacin yana dacewa da hutun rabin shekara na makarantun Masar, sai ka ga iyali guda uba da uwa da yara da kaka duk an kwaso, miliyoyin mutane ke shiga kafin a tashi, ranar Juma'a kam ko tsayawa ka buɗe littafi ba ka iyawa. Mai niyyar sayayya ta gaske shi je da safe tun buɗe ƙofa, a ranakun aiki, kafin azahar ya gama abin da ya kai shi.

Lokacin da na je, littattafan addini da na turasi, wato na magabata, sun fi taruwa a hol na 4, nan ma rumfar Azhar take, na yara kuma suna hol na 5. Wallahi duk mai son littafi in ya shiga hol na 4 ɗin nan sai ya ji wani abu a ransa. Sunayen gidajen bugu da muke gani a bayan littafi shekara da shekaru ga su a gabanka da mutanensu, Darus Salam da Darul Hadis na Masar, Dar Ibn Hazm da Mu'assasatur Risala, Darul Minhaj ta Jidda, kuma mu da muke ƙasar Malikiyya kada mutum shi wuce Darul Garbil Islami in ya gan su, don sun yi hidima sosai wajen fito da manyan littattafan mazhaba da na malaman Magrib da Andalus. Akwai kuma 'yan gwanjon littafi na Azbakiyya, wurinsu ake tsintar tsofaffin bugu da sunka ƙare a kasuwa, sai dai sai ka durƙusa ka tona da hannunka, ba mai jera maka.

To inda nake son mutanenmu su buɗe kunne shi ne maganar bugu. Littafi guda za ka gan shi a rumfa biyar da farashi biyar, mai arha ya kai rabin mai tsada, in ba ka san dalili ba sai ka ɗauka wayo ka yi. Wani bugun an yi masa tahƙiƙi na gaske, an gwama rubuce-rubucen hannu, an fitar da hadisai, an sa fihirisa, wato jerin abin da ke ciki, wani kuwa tsohon bugu ne kawai anka sake bugawa a kwamfuta ba wanda ya bi ya duba, layi guda ya faɗi ba a sani ba, kai kuma ka kawo Sakkwato malami ya zauna yana biya ma almajirai sai ya ga magana ba ta haɗu ba, gobe da safe shagonka zai dawo da shi. Akwai ma na sata, wanda anka ɗauki hoton bugun wasu anka buga a takarda mara kyau, za ka gane shi da dusashewar rubutu da yadda tawada ke fitowa ta bayan shafi. Saboda haka tun kana gida ka zauna da malaman da ke saye wurinka, ka rubuta sunan littafi da sunan muhaƙƙiƙi, wato wanda ya yi masa tahƙiƙi, da gidan bugu, ba sunan littafi kaɗai ba. Takarda ma ka duba, mai ruwan ƙwai da suke ce ma shamwa ta fi daɗin karatu ga mai dogon zama, kuma ka buɗe littafin daga tsakiya ka ga ɗinki ne ko gam, don zafin garin nan na Afrilu gam ba ya jure shi, sai ka ga shafuka suna zubewa.

Kuma kada ka yarda a ɗaure maka kwali ba ka ƙirga ba. Na tsaya a wata rumfa ana haɗa mani wani sharhi mai mujalladi da yawa, yaron yana sauri mutane sun yi layi a bayana, na ce masa ya yi haƙuri ya jera su a kan tebur da lambobinsu. Da munka jera sai ga mujalladi na 7 guda biyu, na 8 babu. Ya canza ba gardama, har ya ba ni haƙuri, amma da a Sakkwato na buɗe kwalin nan wa zan kama. Ka kuma riƙa kaɗa shafukan da babban yatsa, wani lokaci malzama guda, shafi 16 cur, sai ta fito fara fat ko a juye.

Farashi kuwa ana yin ragi, kuma mai ɗaukar da yawa ragin shi daban, amma sai ka nemi babban mai rumfar ka gaya masa kai ɗan kasuwa ne daga Najeriya, yaran da ke tsaye gaba ba su da ikon rage komai bayan abin da anka rubuta. Kada dai mutum shi zo da lissafin shekarun baya a kansa. Takarda ta yi tsada ko'ina, kuɗin Masar ya faɗi sosai musamman daga Maris 2024, tamu nairar ma kun san halin da ta shiga tun 2023, littattafan da anka shigo da su daga Beirut da Saudiyya kuwa da dala ake lissafa su ko da junaihi za ka biya. Abin da ya fi yi mani amfani shi ne na fara zagaya shagunan Darbul Atrak da ke bayan masallacin Azhar na ji farashi kafin in shiga ma'arad, don bugun Masar wani sa'in bambancin kaɗan ne, ribar ma'arad ta fi fitowa a littattafan baƙin ƙasashe da ba ka samu a gari in an tashi. Su kuma baƙin nan kwanakin ƙarshe sun fi sassauci don ba su son komawa da kaya, sai dai littafin da ake rububi ba ya kaiwa ƙarshe, shi ka ɗauke shi tun farko.

Ka nemi ɗaya daga cikin yaranmu ɗaliban Azhar shi raka ka, suna da yawa kuma masu kirki ne, Larabcin kasuwa na Masar ba shi ne na littafi ba, ko malami ne kai sai ka ji sun yi maka sauri. Ka biya shi haƙƙinsa da kyau, ɗalibi ne, ya bar karatunsa ya ɗaukar maka kaya.

Jigila ita ce ta fi ba ni wahala. Jakar jirgi yawanci biyu ce mai kilo 23, littafi kuwa ba abin da ya kai shi nauyi, saiti biyu sun cika ta. Dole sai kago. Ejan ɗin da na ba kayana ya yi mani alkawarin lokaci, kayan sunka wuce lokacin nesa ba kusa ba, da sunka iso Kano kwali guda ya sha ruwa ta gindi, ga kuma ƙarin kuɗi da ba mu yi maganarsa ba tun farko wai na fitar da kaya. Ku rubuta komai a takarda, nawa ne kilo, har ina za a kai, wa zai biya kastam, a naɗe kowane kwali da leda a gabanka, ka ɗauki hotonsa da lambarsa, kuma ka tambayi 'yan kasuwar da sunka riga ka wa suke ba kayansu.

Sai maganar masu buga littattafai, wadda ita ta fi tsaya mani a rai. Ma'aradin Alƙahira kasuwar saye da sayarwa ce da farko, ba kamar na Frankfurt a Jamus ba da ake yi a Oktoba, inda kwanakin farko na 'yan sana'a ne zalla kuma babban cinikin shi ne sayar da izinin fassara da na sake bugu. A Alƙahira mai karatu ne zai zo da kuɗinsa ya ɗauki littafi. Amma duk da haka masu gidajen bugu na ƙasashen Larabawa suna nan a zaune a bayan rumfunansu, ana shan shayi ana ƙulla harka, kuma kowace shekara akwai ƙasar da ake karramawa a matsayin babbar baƙuwa. Na zagaya iya ƙarfina, ni dai idona bai kai ga rumfar da ke ɗauke da littattafan malamanmu a jere ba, abin ya dame ni ƙwarai. Ga mu daga Sakkwato, garin da Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u sunka bar ɗaruruwan rubuce-rubuce, mafi yawa da Larabci, harshen da duk mai yawo a hol ɗin nan yake karantawa. Kuma ba sabon abu ba ne, tafsirin Malam Abdullahi, Liya'ut Tawili, a Alƙahirar nan anka buga shi tun 1961. Ga rubutun hannu jibge a gidan tarihi na Waziri Junaidu da jami'ar Ɗanfodiyo da gidajen malamai, ga ɗalibai sun yi tahƙiƙin wasu a digiri na biyu da na uku suna kwance a kanta.

Na zauna da wani dattijo mai gidan bugu na kawo masa zancen, ya saurare ni da kyau sannan ya ce, ya shaihu, kawo mani aikin a rubuce a kwamfuta, da hoton rubutun hannun da anka dogara da shi, da takardar da ke nuna wa ke da haƙƙi, sannan ka gaya mani kwafi nawa za ku ɗauka ku da kanku. Tambayar ƙarshen nan ita ce zuciyar cinikin, ba wanda zai zuba kuɗinsa kan littafin da bai san kasuwarsa ba, amma in kun ce za ku ɗauki kaso mai tsoka zuwa Najeriya da Nijar to magana ta fara. In an kai ga yarjejeniya a rubuta shekara nawa ce, ƙasashe nawa ta shafa, kwafi nawa za a buga, kada a sa hannu kan abin da ba shi da iyaka.

Mai son kama rumfa kuwa shi sani ana yin rajista watanni kafin lokaci, kuɗin baƙi ya fi na 'yan ƙasa, ga jigilar kaya zuwa can da masauki da mai tsaron rumfa tun safe har dare. Mutum guda a cikinmu da wuya shi ɗauki wanga nauyi, amma madaba'u uku ko huɗu na Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi in sunka haɗa kai rumfa guda ta ishe su. Sai dai a gyara aiki tukuna, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga ɗakin karatu na ƙasa, bango mai kyau, shekarar bugu da sunan madaba'a a rubuce, da ɗan kundin sunayen littattafai da Larabci wanda za ka miƙa ma mutum ya tafi da shi, don irin bugun da muke yi na takardar jarida da sitefula ba zai tsaya kusa da nasu ba. Wanda bai taɓa fita ba ma yana iya fara gwadawa da baje kolin littattafai na Legas da ake yi a watan Mayu, ya ga yadda ake tsayuwar rumfa kafin ya ƙetare.

Wurin salla akwai, abinci akwai a harabar waje amma da tsada da layi, gara ka karya kumallo da kyau ka riƙe ruwanka. Malamai mata da masu Islamiyyu da ke tambaya, wurin ba shi da matsala ko kaɗan, mata sun kai maza yawa, kuma hol ɗin yara yana da littattafan koyon Larabci masu hoto da za su yi ma makarantunmu amfani sosai. Ku zo da jaka mai taya, kuma ku karɓi rasit a kowace rumfa don ejan ɗin kago zai iya nema.