Takalmin gudu falle ɗaya ko mai soso: abin dubawa kafin ka zaro kuɗi

Idan aka kwance dilar takalma a Ƙofar Wambai, cikin kambas masu kauri akan tsinci wasu marasa nauyi, waɗanda za ka iya naɗe su kamar tabarma ka cusa a aljihu. Wasu har da gidan kowane yatsa daban, kamar safar hannu. Da gangan aka ƙera su haka, don mai gudu ya ji kamar ba takalmi a ƙafarsa. A nan za mu kira su falle ɗaya, tunda tsakanin tafin ƙafarka da ƙasa ba komai sai fallen roba guda. Masu yabonsu na cewa suna ƙarfafa ƙafa, suna raba mutum da ciwon gwiwa. Akwai gaskiya a maganar, amma rabi ce. Nauyin da takalmin ya sauke wa gwiwa bai ɓace ba, ya koma kan sharaɓa da agara da ƙasusuwan tafin ƙafa ne. Don haka kafin a yi ciniki, mai saye ya san wace gaɓa ce a jikinsa za ta iya ɗaukar ƙarin kaya, kuma wata nawa zai iya ba ta ta saba.

Abu uku ke raba takalman gudu. Na farko kaurin abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Na biyu gangare, wato yawan milimitar da dunduniya ta ɗara gaban ƙafa tudu. Na uku faɗin wurin yatsu. Takalmin gudu na yau da kullum, irin su Nike Pegasus da Brooks Ghost, gangarensa kan kai milimita 8 zuwa 12, sosonsa a dunduniya ya kai santimita uku ko fiye, nauyin ƙafa ɗaya kuma gram 250 zuwa 300. Falle ɗaya na ainihi, irin Vibram FiveFingers da Vivobarefoot da Merrell Vapor Glove da Xero, gangarensa sifili ne, kaurinsa bai cika kai santimita ɗaya ba, nauyinsa kuma wajen gram 200 ne ko ƙasa da haka. A tsakaninsu akwai iri biyu da mutane ke yawan rikitawa. Yawancin takalman Altra ba su da gangare, suna da faffaɗan gaba, amma suna da soso sosai. Saucony Kinvara da yawancin Hoka gangarensu milimita 4 zuwa 5 ne, su ma da soso. Waɗannan na tsakiya suna sa agara aiki fiye da takalmin da aka saba, sai dai ba sa barin ƙasusuwan ƙafa su yi ta karo da kwalta kai tsaye.

Ga yadda abin ke aiki. Mai sanye da dunduniya mai tudu yakan miƙa ƙafa gaba ya sauka a kan dunduniya, soso ya shanye bugun farko, gwiwa da ƙugu su ɗauki saura. Da ka cire soson, saukar dunduniya a kan kwalta na da zafi, sai jiki da kansa ya gajarta taku ya riƙa sauka da tsakiya ko gaban ƙafa. Binciken da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya fitar a 2010, wanda ya haɗa da matasan Kenya da suka tashi suna gudu ba takalmi, ya nuna irin wannan saukar tana rage bugun farko da ke ratsa ƙafa. Abin da binciken ya auna ke nan. Bai ce duk wanda ya sauya takalmi zai daina jin rauni ba, 'yan talla ne suka ƙarasa masa magana. Kamfanin Vibram ma a 2014 ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe ƙarar da aka shigar a Amurka kan iƙirarin cewa takalminsa na rage rauni. Akan kuma kafa hujja da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun famfalaƙi na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne, amma a 1964 a Tokyo da takalmi ya sake ci, ya kuma fi sauri.

A Kano akwai wata hujja da ake yawan ji, kuma ita ta fi jefa mutane a matsala: ai mu da silifa muka tashi, a tsakar gida ba takalmi muke yawo, sau biyar a rana muke tuɓewa a ƙofar masallaci. Wannan yana taimakawa, ba shakka. Wanda ya saba da fade da silifa agararsa ta fi ta mai wuni cikin sau-ciki mai dunduniya miƙewa, yatsunsa ma ba su matse ba. Amma tafiya daban, gudu daban. A gudu kowane taku na ɗora wa ƙafa ɗaya nauyin jiki ninki biyu zuwa uku, kuma mai sassarfa yakan yi taku kusan dubu a kilomita guda. Kilomita biyar ke nan kowace ƙafa ta daki ƙasa sau wajen 2,500. Tsoka kan saba cikin 'yan makonni, numfashi ma haka, amma jijiya da ƙashi sai sun ɗauki watanni. A nan tarkon yake: wanda ya daɗe yana gudu ba ya haki, sai ya ɗauka komai lafiya, alhali ƙananan ƙasusuwan da ke bayan yatsu suna tara tsaga a ɓoye. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun bi 'yan gudu 36 tsawon mako goma. Cikin 19 da suka koma FiveFingers sannu a hankali, hoton MRI, wato na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, ya nuna 10 sun samu ƙarin kumburi a ɓargon ƙashin ƙafa, wanda shi ne matakin da ke gabatar tsagewa. A lura, su waɗannan ba rana ɗaya suka sauya ba, duk da haka mako goma bai ishe su ba.

Nauyin jiki ma yana da ta cewa. Wani bincike na Ostareliya da aka buga a 2017, wanda ya bi maza 61 na tsawon mako 26, ya gano haɗarin rauni a takalmi mara soso yana hawa ga waɗanda suka haura kimanin kilo 71, ciwo kuma ya fi yawa ga masu gudun da ya wuce kilomita 35 a mako. Magidancin da ya fara zagaya Filin Sukuwa da asuba don ya rage tumbi, yana kilo 90, takalmi mai soso ya kamata ya saya, ba sai an yi dogon lissafi ba.

Akwai waɗanda falle ɗaya bai dace da su ba sam. Mai ciwon sukari, musamman wanda ƙafarsa ta fara dindiris ko yake jin kamar ana tsira masa allura, zai iya taka ƙusa bai sani ba, gyambon ƙafa kuma a wurinsa babbar magana ce. Haka wanda ya taɓa tsagewar ƙashin ƙafa, da mai fama da ciwon agara, da mai jin zafin dunduniya a takun farko na safe. Mata da suka daina al'ada, ko waɗanda al'adarsu ta ɗauke saboda yawan atisaye da ƙarancin abinci, ƙashinsu ya fi saurin tsagewa. Sannan wani abu da ba a cika faɗa ba: ciprofloxacin da danginsa, waɗanda ake yawan sha don taifot, suna raunana jijiya har agara kan tsinke, kuma haɗarin na iya ɗaukar watanni bayan an gama sha. Wanda bai daɗe da shan su ba ya jinkirta duk wani sauyin takalmi.

Wanda zai fi cin moriya shi ne mara nauyi sosai, mai gudun da bai da yawa a mako, wanda ciwonsa na gaban gwiwa ne ba na ƙafa ba, kuma mai haƙuri. Wanda kuwa yake gudu shekara da shekaru ba ya jin ciwon komai, ba mu ga dalilin da zai tsokano tsuliyar dodo ba. Ya sake sayen irin takalmin da ya saba.

Gwada kanka a gida kafin ka tafi kasuwa. Tsaya da ƙafa ɗaya, dafa bango da yatsa, ka ɗaga dunduniya sama har ƙarshe ka sauke a hankali. In ba ka iya yin 20 a jere a kowace ƙafa ba, sharaɓarka ba ta shirya ba. Sannan ka ajiye babban yatsa santimita 10 daga bango, ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. In ta ɗaga, idon sawunka a ƙage yake, takalmi mara gangare zai ja agara fiye da ƙima.

Sai batun inda za ka taka. Filin roba irin na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ko ƙasa mai laushi da aka share, sun fi sauƙi ga mai koyo. Kwalta da intalok na titunan Nassarawa da Bompai ba sa yafiya, ga tsakuwa da fasassun kwalabe a gefen hanya. A bayan gari kuma akwai tsidau da ƙarangiya, tsidau kan huda roba mai milimita uku ko huɗu, don haka mai bin hanyar ƙasa ya nemi mai ɗan kauri da haƙora a ƙasa, irin Merrell Trail Glove. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwalta kan riƙe zafi har bayan la'asar, fallen roba ba ya tare shi, sai ƙafa ta yi bororo. Da hunturu kuma faso ne matsalar: dunduniyar da ta tsage in ta rasa soso ƙara buɗewa take yi. A goge kaushi, a shafa man kaɗanya ko basilin da dare, a sa safa.

A wurin saye, kada ka auna kauri daga waje, domin gefen soso kan hau sama ya rufe ƙafa, sai takalmi ya yi kamar ya fi yadda yake kauri. Zare shimfiɗar ciki, sa babban yatsa a ciki da manuni a waje, ka matsa a dunduniya, ka matsa a gaba, za ka ji bambancin. Shimfiɗar da ka zare ka ajiye ta a ƙasa ka taka: in yatsunka sun zubo gefe, takalmin ya yi maka tsukuku ko da lambarsa daidai ce. Bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmi, ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita. Falle ɗaya na gaske yana lanƙwasa ta ko'ina, yana murɗuwa kamar tsumma. Kambas na yayi mai shafaffen ƙasa ba shi ba ne, yana da nauyi da tsukakken gaba. Takalmin shiga ruwa ma yana kama da shi, amma robarsa ba ta jure kwalta.

A gwanjo lissafin ya ɗan juya. Soson takalmin gudu kan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma mai shi na farko ba zai gaya maka nawa ya ci ba. Ɗora shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya karkace gefe ɗaya ka bar shi. Soso mai tamoji da yawa a gefe, ko wanda ka danna bai dawo ba, ya gama aiki, ko da samansa na ƙyalli. Falle ɗaya ba shi da soson da zai mutu, abin dubawa kawai ko robar ta suɗe a ƙarƙashin gaban ƙafa, da ko gam ya saki. Shu shaina zai iya gyara sakin gam, amma kada ka bari ya manna masa ƙarin roba a dunduniya. Sabo kuwa, ko a Sabon Gari ko a kantin zamani ko ta intanet, jabu ya yi yawa. Duba lambar da ke jikin harshen takalmin, ta dace da ta kwali, ƙafa biyun kuma su yi daidai a ɗinki da nauyi.

In kuɗin takalmi ɗaya gare ka, sayi mai soso, ko na tsakiya mai gangare 4 zuwa 6 in kana son ka ɗan matsa. Falle ɗaya takalmi na biyu ne, domin watannin farko mafi yawan gudunka a tsohon za ka ci gaba da yi. Mako biyun farko tafiya kawai, minti 20 zuwa 30 a rana. Daga mako na uku ka yi minti biyar na sassarfa da shi, sauran gudun ka ƙarasa da tsohon takalmi, ka kuma bar kwana ɗaya ko biyu tsakani. Kada ƙarin mako ya wuce minti biyar, kuma duk mako na huɗu kada ka ƙara komai. Wata huɗu zuwa shida ba su yi yawa ba. Gajarta taku ka yawaita shi, wajen 170 a minti, ƙafa ta sauka ƙarƙashin jiki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu a kan yatsu kamar mai sanɗa, dunduniya na rataye. Bar ta ta taɓa ƙasa a kowane taku, in ba haka ba sharaɓa ba ta samun hutu. Hawan Dala ko Goron Dutse da gudun tsere a ajiye su sai an saba. Sau uku a mako ka tsaya a bakin matakala ka ɗaga dunduniya ka sauke ta ƙasa da matakalar a hankali, 15 sau uku da gwiwa a miƙe, 15 sau uku da gwiwa a ɗan lanƙwashe.

Tsamin sharaɓa a ƙafa biyu, wanda ke tafiya cikin kwana biyu ko uku, ba abin tsoro ba ne. Agara da ke ƙagewa kowace safiya, ko ta yi kumburi mai zafi in an matsa, tana cewa a rage gudun a koma tsohon takalmi. Wanda ya fi haɗari shi ne ciwo a saman ƙafa, bayan yatsa na biyu ko na uku, wanda za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa in ka yi tsalle da ƙafar, wani lokaci da ɗan kumburi. Wannan a daina gudu nan take. Kada a danne shi da diclofenac a ci gaba, kada kuma a kai wa mai ɗori ya murza a matsayin targaɗe, murza ba ta haɗa ƙashin da ya tsage. A ga likitan ƙashi, a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagar a mako biyu zuwa uku na farko, don haka in hoto ya fito ba komai amma ciwon na nan, a koma a sake ɗauka ko a nemi MRI. Warkewa kan ɗauki mako shida zuwa takwas ba gudu.