Ruwan Bagaja a hannun ɗan firamare: abin da ke kama shi da abin da ke gundurarsa

Littafin nan ɗan gida ne a Katsina. Abubakar Imam yana malami a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta shi, don shiga gasar rubuta labarai da Rupert East, Baturen hukumar fassara littattafai ta Zariya, ya shirya a 1933, aka buga a 1934 tare da su Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Yau kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya ke buga shi, kuma ana samunsa a shagunan littattafan makaranta a Katsina da Daura. Siriri ne, babba zai iya cinye shi a zama ɗaya. Amma yaro ɗan shekara 9 zuwa 12 ba haka yake karanta shi ba, kuma hukuncinsa daban yake da na malamin adabi.

Ƙashin bayan labarin ba shi da wuya. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce da za a sami ruwan Bagaja da ya warke, aka yi masa dariya a fada, sai Alhaji Imam, jarumin labarin, ya lashi takobin nemo ruwan don ya fid da Liman kunya. Wannan farkon yana kama yaro nan take, domin ya san zafin a wulaƙanta babba a gaban jama'a.

Sai dai idan ka tambayi yaran da suka gama shi wa suka fi so, da wuya ka ji sunan Alhaji. Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin hamayyar Alhaji, shi ne gwaninsu. Wurin da ya fi sa su tuntsurawa da dariya shi ne gardamar ilmi: Alhaji, wanda ba shi da karatun kirki, ya yi zane a ƙasa, Zurƙe mai ilmin gaske ya yi ta kiran sunayen haruffa, aka ce duk ya faɗi, ashe wai tsayuwar wata aka zana. Yaron da ya yi makarantar allo ya fi kowa jin daɗin nan, don ya san yadda haruffan Larabci suke lanƙwasa. Wanda bai sani ba sai a zana masa a ƙasa kafin a ci gaba, in ba haka ba barkwancin ya wuce shi.

Ƙorafin yara kuma yana da tushe. Tsakiyar littafin ramuwar gayya ce tsakanin mutum biyu daga gari zuwa gari, har yaro ya ɗago kai ya ce, "Baba, wai ina ruwan?" Aljanu da abubuwan al'ajabi, waɗanda sunan littafin ya sa yake ɗoki, sai can wajen ƙarshe suke zuwa, kuma a gurguje. Wanda ya saba da katun a waya zai ga an yi masa rowa a nan.

Matsala ta biyu Hausar ce. Ba tsauri gare ta ba, tsufa ta yi: kalmomin fada, na fatauci da na shari'ar alƙali, ga jimloli masu tsawo. Abin da ya fi aiki shi ne a raba karatun gari-gari, kada a wuce shafi 3 ko 4 a dare. Babba ya karanta shafin farko da ƙarfi, yana sauya murya tsakanin Alhaji da Zurƙe, yaro ya ɗora. A ajiye fensir, a ja layi ƙarƙashin kalmar da ta gagara, amma kada a tsaya fassara sai an kai ƙarshen sakin layi. Tsayawa a kowace kalma shi ke kashe labarin, yaro ya fara hamma. Kaka in tana kusa ta fi ƙamus sauri.

Iyaye su san cewa jarumin ba waliyyi ba ne. Yana ƙarya, yana damfara, kuma sau da yawa yana tsira. Ƙasa da shekara 9 gara a karanta tare, a riƙa tambayarsa ko abin da Alhaji ya yi daidai ne. Yara sukan ba da amsa mai kaifi fiye da yadda ake zato.

Wajen saye, a buɗe littafin tukuna. Akwai bugun jabu a kasuwa mai dusasshen tawada, inda ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta shafe, mai koyon karatu ya kasa bambance ƙafa da kafa. A duba lambobin shafi ko sun bi juna, a ɗan ja takardar tsakiya a ga ko ɗinkin zai riƙe. Yaron da bai taɓa gama littafi shi kaɗai ba, a fara masa da Magana Jari Ce na ɗaya, mai gajerun labarai, sannan a miƙa masa wannan.