Tsakanin Compton da Fry: wanne za ka saya wa yaron?

Ɗan'uwa, tunda kuɗin littafi ɗaya ke hannunka, tarihin Denis Compton ko na C.B. Fry, 'yan wasan Ingila biyu da suka yi ƙwallon ƙafa da kurket (wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda), ɗauki na Compton. Duka biyun suna kan kantata.

Na Compton a wajen mai gwanjon littattafai na tsince shi, bangonsa har ya fara ɓallewa. Wani dare da aka ɗauke wuta na kunna tocila ina karanta wa babban ɗana, wanda ba ya haɗa Arsenal da komai. Da na kai inda Compton ya ci gasar lig da Arsenal a 1948, sannan Kofin FA a 1950 bayan sun doke Liverpool 2-0, yayansa Leslie ma yana cikin fili, sai yaron ya tashi zaune ya ce, "Baba, wai wannan ne kuma ɗan kurket ɗin?" Shi ne fa. A kurket, a 1947 kaɗai ya tara maki 3,816, sau 18 yana cin maki ɗari ko fiye a zubi ɗaya, kuma ya buga wa Ingila manyan wasannin kurket 78. Abin da ya fi taɓa ni shi ne gwiwarsa. A ƙwallo ya ji raunin, ya yi ta fama har aka cire masa ƙoƙon gwiwar a 1955, amma bai haƙura ba, ya koma filin kurket. Har yau yaron nan in ya ji ciwo a wasa, Compton yake ambata.

Fry kuwa ba a raina shi. Ya buga wa Southampton wasan ƙarshe na Kofin FA a 1902, ya buga wa Ingila ƙwallo sau ɗaya a 1901, ya jagoranci tawagar kurket ta Ingila a 1912. Amma ni dai na yi da-na-sanin kuɗin da na sa a littafinsa: daga labarin wai an yi masa tayin sarautar Albaniya sai ziyararsa ga Hitler a 1934, kuma yaro ba zai jure ba.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu hoton kwafi suke bugawa su naɗe a leda su ce na asali ne. An taɓa yi min, na dawo gida na tarar babu shafukan hotuna na tsakiya. Ka sa a yage ledar a gabanka, ka duba tsakiya da ƙarshe kafin ka miƙa ko sisi.