Tabarau mai lamba da albashin malamin makaranta

A shagon farko da na shiga neman tabarau an yi mini kuɗi naira dubu 85. Wanda ke kan hancina yanzu, har da kuɗin kati da na awo a asibiti, bai kai dubu 25 ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne, mu kuwa malaman makarantun kuɗi da yawanmu ko shi ba ma samu. Na san akwai masu irin larurata da suka ji kuɗi sau ɗaya suka haƙura, suna ta ƙanƙance ido a titi da a aji, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda tawa ta kasance a nan Kano.

Ni nesa ce ba na gani sosai. Daga bayan aji rubutun da na yi da hannuna a allo sai ya zama hazo-hazo, da dare kuma fitilun motoci su riƙa yi mini jela. Tsohon tabarau ɗina ya daɗe, gilashin ya karce, hannunsa ɗaya da zare yake ɗaure.

Shagon farkon nan ba laifi wajen tsafta da tarba. Ga sanyi, ga madubai, ga wata yarinya mai fara'a tana cewa, "Yallaɓai, awo kyauta ne." Aka ɗora haɓata a kan na'ura, na kalli wani ɗan gida a ƙarshen titi yana fitowa yana ɓacewa, takarda ta fito kamar rasit. Da na nemi a ba ni takardar sai aka ce ai ba a bayarwa sai in a nan zan yi tabarau ɗin. Wato kyautar tana cikin kuɗin firam. Firam ɗin da aka fara miƙo mini na dubu 40 ne, an rubuta sunan wani babban kamfanin Italiya a hannunsa, irin rubutun da farce ke kankarewa. Sauran kuɗin na gilashi ne da abubuwan da aka jera masa: mai sauya launi a rana, mai kare hasken waya, mai hana ƙyalli, marar kauri. Babu wanda ya tambaye ni aikin da nake yi, balle a san wanne nake buƙata a ciki.

Abin da ya rage mini kuɗi shi ne raba awo da saye. Awo a wurin masu awo, saye a wurin masu sayarwa, takardar lamba kuma a aljihuna.

Kano ba ta rasa wuraren duba ido ba. Ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, wanda ya haura shekara 80 yana aiki, ga asibitin ido na Makka, ga sashen ido a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala. Mutanen Kaduna kuma suna da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa. Ni wani asibitin gwamnati na je, kuma gaskiya wuni guda ya tafi. Na isa bayan asuba na tarar da layi, galibi tsofaffi masu yanar ido da jikokin da suka riƙo musu sanda. Wanda ba zai iya barin aikinsa ba ya sa wannan a lissafi, don shi ma kuɗi ne.

Amma awon da aka yi mini ya fi na na'urar shago nesa ba kusa ba. An zaunar da ni mita 6 daga allon haruffa, aka rufe ido ɗaya na karanta, aka rufe ɗayan. Wani dattijo da ke gabana bai yi boko ba, shi allon harafin E aka nuna masa, yana nuna inda ƙafafun suka fuskanta da yatsunsa. Sannan likitar ta ɗora mini wani firam na ƙarfe mai nauyi, tana zura ƙananan gilasai tana zarewa: "Malam, wannan ko wancan? To wannan fa?" Wani lokaci bambancin ƙanƙani ne har ka ji kunyar cewa ba ka gane ba. Ta ce in faɗi gaskiya kawai, "ɗaya suke" ma amsa ce. Daga nan aka auna ƙarfin ruwan cikin idon, ta haska fitila ta duba can ciki.

Wannan dubawar ta ƙarshe ita ce dalilin da ba zan ba kowa shawarar tsallake asibiti ba, komai ƙarancin kuɗinsa. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, ba ya ciwo a farkonsa, daga gefe-gefe yake cin gani, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ya fi yawa a baƙar fata, yana kuma saurin kama mu. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, yanar ido ce a gaba wajen jawo makantar, hawan jinin ido na bi mata. Binciken ya kuma nuna cewa mafi yawan masu raunin gani da bai kai makanta ba, tabarau kawai suka rasa. Na'urar shago lamba take fitarwa, ba ta ga jijiyar ido ba.

Ga abin da aka rubuta mini, ko zai taimaki mai karanta tasa takardar. Idon dama −1.75, na hagu −2.00. Alamar ragi tana nufin nesa ce matsalar, alamar ƙari kuma akasarinta ta kusa ce. Akwai gida na biyu da aka rubuta CYL, nawa −0.75 da −1.00, sai na uku AXIS, 170 da 10. Waɗannan biyun na masu idon da lanƙwasarsa ba ta zagaye daidai ba ne, AXIS ɗin shi ke faɗin ta wace kusurwa za a kwantar da gyaran, daga 1 zuwa 180. A ƙasa kuma ADD +1.25, ƙarin karatu kenan, wanda kusan kowa ke fara buƙata daga shekara 40 zuwa sama. Sai PD, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu, tawa milimita 64. Wannan sai da na roƙa aka auna aka rubuta, kuma kowa ya roƙa, domin da ita ake daidaita tsakiyar gilashi da tsakiyar ido.

A kan ADD ɗin nan likitar ta yi mini abin da ba zan manta ba. Shagon farko sun so su yi mini gilashi mai hawa-hawa, irin wanda sama na nesa ne ƙasa na karatu ba tare da layi a tsakani ba, shi ne mafi tsada. Ita kuwa ta miƙo mini takarda mai ƙananan rubutu ta ce in cire tabarau in karanta. Na karanta tsaf. Ta ce mai lamba −2.00 idonsa da kansa yana ganin abin da ke rabin mita sarai, saboda haka a yanzu in yi na nesa kawai, in zan karanta in ɗaga shi goshi. Rabin kuɗin ya zube a nan. Ba na cewa babu wahala. A aji ina ɗagawa ina saukewa tsakanin littafi da allo, har yaran sun gane in tabarau ya sauko to mai surutu ake nema.

Firam a kasuwar Sabon Gari na saya, dubu 6 bayan ciniki, na ƙarfe, babu sunan kowa a jikinsa. Na zaɓi ƙarami da gangan, saboda gilashin ragi gefensa ne ke yin kauri, in firam ya yi faɗi kaurin ya ƙaru, sai a ce maka sai ka sayi marar kauri mai tsada. A lamba irin tawa gilashin roba na gama-gari ya isa. Na duba maɗaurin hannuwan, na buɗe na rufe, na tabbatar sukurori ne da ake iya ɗaurewa. Mai tsohon firam lafiyayye ma ba sai ya sayi sabo ba, ana zare tsohon gilashi a yanka sabo, sai dai na roba in ya tsufa yakan karye wajen gasawa.

Yankan gilashin a wani ɗan shago aka yi, wurin wani magidanci mai injin yanka a bayan labule. Dubu 14 ya karɓa. Cikin abubuwa huɗun da aka jera mini a baya, ɗaya kawai na ɗauka, mai hana ƙyalli, saboda ina hawa babur da dare. Mai kare hasken waya ban saya ba, kuma ba rowa ce kaɗai ta hana ni ba. A 2023 masu binciken Cochrane, wata ƙungiya mai tace binciken likitanci, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan irin wannan gilashi, ba su ga alamar yana rage gajiyar ido fiye da gilashi na kullum ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayensa. Mai sauya launi kuwa yana da daɗi, sai dai hasken rana kai tsaye yake buƙata, a cikin mota ba ya yin duhu sosai, a tsananin zafi ma duhunsa raguwa yake, wato a watan Afrilu da aka fi nemansa a nan ya fi yin kasala. Hula mai baki ta yi mini wannan aikin.

Inda shagon mai yankan ya gaza shi ne karon farko. Na sa tabarau na fito, sai na ga ƙasa kamar ta karkace, bakin kwata ya yi mini kamar gangara. Mai shagon ya ce, "Malam, sabo ne, ido zai saba." Akwai gaskiya a ciki, sabuwar lamba kan ɗauki kwanaki kafin a saba da ita, musamman mai CYL. Amma sati ya zagayo kaina na sarawa ta gefen hagu. Na koma asibiti aka ɗora tabarau ɗin a na'urar karanta gilashi, aka ga na dama daidai yake, na hagu kusurwarsa ta kauce daga 10 ɗin da aka rubuta. Suka rubuta mini abin da suka gani a bayan takardata. Da na kai masa ya ɗan yi gardama, ya auna da kansa, ya yi shiru, ya ce in dawo jibi. Ya sake yanka na hagu bai karɓi ko sisi ba. Da ba ni da takarda a hannu, da maganata da tasa ce kawai, kuma ni zan sha ƙasa. Tun kafin a biya kuɗi ya kamata a yi wannan magana: in lamba ba ta fita daidai ba, wa zai ɗauki asarar?

Yanzu ya sha hunturu ɗaya da bazara ɗaya a fuskata. Gani dai alhamdu lillahi, daga bayan aji ina karanta har wasali, fitilun dare sun daina jela. Firam ɗin ne ya nuna kuɗinsa. Fentin hannuwan ya fara ɓarewa inda gumi ke taɓawa, 'yan robobin kan hanci sun yi kore sai da na sauya su a naira ɗari biyar, sukuron dama kuma yakan kwance, na sayi ɗan ƙaramin sukundireba na ajiye a aljihun jaka. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ban yi fushi ba. Gilashin kansa bai karce ba, kuma ina jin saboda na daina goge shi da bakin riga ne. Ƙurar hunturu yashi ce, in ka murza ta a busasshen gilashi ka yi masa zane. Ruwa nake zuba masa, in ɗiga sabulun wanke kwanuka, in ɗauraye, in tsane da ƙyallensa. Ba na barinsa a rana ko kusa da murhu, don zafi yana tsattsaga fatar hana ƙyallin.

Wani abokin aikina ya ce me ya kai ni wannan doguwar hanya, ga masu tabarau a faranti a bakin masallaci, ka gwada ka karanta jarida ka biya. Ga irinsa yana da gaskiya. Shi karatu ne kawai ya fara yi masa nisa, idanunsa biyu lambarsu ɗaya, +1.50 na faranti ya wadatar da shi, kuma ba ya lalata ido kamar yadda ake yaɗawa. Sai dai na faranti gilasansa biyu lamba ɗaya ne, babu CYL, tazarar tsakiyarsu kuma ta kowa da kowa ce. Mai ido irin nawa ba zai samu nasa a faranti ba. Shi ma na matsa masa ya je a auna masa ƙarfin ruwan ido, tunda mahaifinsa da makanta ya rasu.

Saye ta intanet na duba na bari. Dala ce ke yanke farashi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin ya daina yi wa irinmu daɗi, ga shi in firam ya matse kunne babu mai lanƙwasa maka. Ai ko na kasuwar ma daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, inda garin Danyang ya yi suna wajen ƙera gilasan tabarau, shi ya sa kuɗinsu ke bin dala. Mai inshorar lafiya ya fara tambaya a asibitinsa ko tabarau na cikin abin da aka ɗauke masa. A kuma sa kunne a watan Oktoba, Alhamis ta biyu ita ce Ranar Gani ta Duniya, lokacin ne asibitoci da ƙungiyoyi suka fi yin awo kyauta.

Wannan hanya tawa ta masu ƙaramar lamba ce. Wanda tasa ta kai −6.00 ko ta wuce, kuskuren milimita biyu a tsakiyar gilashi zai dame shi, gara ya ƙara kuɗi ya yi a inda aka yi masa awo, marar kaurin ma a wurinsa ba ado ba ne. Yaro kuma a yi masa gilashin da ba ya saurin fashewa, a bar likita ya ɗiga masa maganin awo ko da zai wuni yana ganin dishi-dishi. Mai ciwon suga kada ya yanka gilashi lokacin da sugansa ke hawa da sauka, lambar tana sauyawa da shi, sai ya biya kuɗin tabarau da ba zai yi masa wata guda ba.