Wata uku ina amfani da Office RibbonX Editor, ga yadda muka kwashe

Toh ni dai aikina haɗa wa makarantu da 'yan kasuwa fayil na Excel, ko na sakamakon jarabawa ko na lissafin kayan shago, kuma kusan duk wanda na haɗa akwai macro a ciki, wato ɗan umarnin da ake rubutawa ya riƙa yin aiki da kansa in an kunna shi. Abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mai fayil zai kunna macro ɗin. Ka ce wa malamin da ya kwana yana makin takardu ya danna Alt da F8 ya lalubo suna a cikin jeri, ai kai ma ka san kiran waya za ka sha da tsakar dare. Na koma zana maɓallai a kan shafin kansa, shi ma bai yi ba, wani ya goge layi maɓalli ya bi shi, wani ya ja shi gefe ba da gangan ba ya kira ni wai ya ɓace.

Wani zai ce ai tun daga Office 2010 akwai Customize Ribbon a cikin Options, inda ake shirya ribbon, wato jerin maɓallan da ke saman Excel. Eh akwai, amma abin da ka shirya a nan a kwamfutarka yake zama, in ka zuba fayil a filash ka kai makaranta ba ya bin sa. Ni kuwa so nake maɓallan su zauna a cikin fayil ɗin, duk inda aka buɗe su fito a sama kusa da Home da Insert.

Wannan shi ne aikin Office RibbonX Editor, kyauta ne a GitHub yake, kuma shi ya gaji tsohon Custom UI Editor da har yanzu za ka ji ana ambata a tsofaffin darussa. Sai da na fara amfani da shi na gane ashe fayil ɗin xlsm, wato na Excel mai macro, zip ne kawai, in ka canza masa suna ka buɗe za ka tarar da tarin XML a ciki, wato rubutun da ke tsara abin da fayil ya ƙunsa. Abin da manhajar take yi shi ne ta cusa wani ɓangare mai suna customUI14.xml, na Office 2010 zuwa sama kenan, na 2007 kuma customUI.xml, ba sai ka yi ta warwarewa kana ɗaurewa da hannu ba.

Kar wanda ya zo da tunanin ja-ka-ajiye fa. Rubutu za ka yi, tab, a cikinsa group, a cikinsa button, kowanne da id da label, sai onAction da ke faɗin macro ɗin da za a kira. Hotunan maɓalli ma ba sai ka zana ba, imageMso zai ara maka na Office ɗin kansa in ka san sunansu. Abu biyu suka fi min amfani, Validate mai duba ko ka yi kuskure, da Generate Callbacks da ke fitar maka da kan Sub ɗin, wato layin farko na macro, da control As IRibbonControl ɗinsa, kai dai kwafa ka liƙa a VBA, inda ake rubuta macro, ka cika cikin.

Amma inda ya gama saye ni wlh shi ne Hausa. Na rubuta Ƙirga Maki, Buga Sakamako, Ɓoye Shafi, na buɗe Excel sai ga su raɗau da lanƙwasarsu. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta ƙ a cikin editan VBA ya san alamar tambaya take komawa, sai ka bi ta ChrW(409) kafin ka samu harafi ɗaya tak a cikin sel. A XML ba wannan wahalar. Wata malama da ko Save sai an nuna mata, ranar da ta ga maɓallan cewa ta yi ashe kwamfutar na jin Hausa.

Na sha wuya kam, kuma yawanci laifina ne. Ranar farko na bar fayil a buɗe a Excel, na gama rubutu a editan na adana, na dawo Excel na sake danna Save, shikenan ya shafe duk abin da na yi. Tun daga ranar sai na rufe can kafin in taɓa nan. Wata rana kuma onaction na rubuta da ƙaramin a ban danna Validate ba, tab ɗin gaba ɗaya ya ƙi fitowa kuma shiru ba saƙon komai, na kusa awa ina zargin kwamfuta. Ashe akwai wani akwati a Options ƙarƙashin Advanced, Show add-in user interface errors, in ka kunna shi Excel zai faɗa maka inda ka kauce. Ku kunna shi kafin ku rubuta ko layi ɗaya.

Abin da har yanzu yake gundura ta shi ne ba ka ganin yadda abin zai fito sai ka adana ka buɗe Excel, ka rufe ka gyara ka sake buɗewa, a tsohuwar laftof irin tawa haƙuri ake ci. Kuma a Windows kaɗai yake aiki. Mai buɗe fayil a waya ya manta da zancen, Excel na waya ba ya gudanar da macro, haka in ta imel aka turo ko daga intanet aka sauke, tun 2022 Office toshe macro ɗin yake, maɓallan ba za su yi komai ba sai an shiga Properties an danna Unblock.

Na taɓa zaƙewa na saka startFromScratch, ya ɓoye duk tab na asali ya bar nawa kaɗai, ni a ganina na sauƙaƙa musu. Kwana biyu hedimasta ya kira ni, "Malam ina ka kai mana wajen ƙara girman rubutu?" Na cire shi a daren, na mayar musu da Home ɗinsu.